Charles Anderson: Mutumin da ya rasa malami, ya zama malamin matuƙa jirgin sama kusan dubu

A watan Fabrairun 1932, wani matashi mai kimanin shekara 25 da ake kira Charles Alfred Anderson ya karɓi lasisin tuƙa jirgin sama na sufuri daga gwamnatin Amurka. Lasisin shi ne mafi daraja da farar hula zai iya mallaka a wancan zamani, domin yana bai wa mai shi damar ɗaukar fasinja da kaya a biya shi. Kafin wannan lokaci babu wani baƙar fata a ƙasar da ya taɓa riƙe irinsa.

Sai dai takardar ba ta buɗe masa ƙofar ko da kamfani ɗaya ba. An shafe fiye da shekara 30 bayan haka kafin manyan kamfanonin jiragen fasinja na Amurka su amince baƙar fata ya zauna a kujerar matuƙi.

Abin da Anderson ya yi da iliminsa a tsawon waɗannan shekaru shi ne ya sa ake kiransa uban tuƙin jirgin sama na baƙaƙen fatar Amurka. Ya kama koyarwa, bai kuma sake ta ba sai da tsufa ya ci ƙarfinsa. Ta hannunsa da na malaman da ke ƙarƙashinsa ne akasarin matuƙan Tuskegee, waɗanda suka yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu, suka fara sanin yadda ake raba jirgi da ƙasa.

Zamanin da aka rufe sararin sama

An haifi Anderson ranar 9 ga watan Fabrairun 1907 a garin Bryn Mawr da ke jihar Pennsylvania, kusa da birnin Philadelphia. Sunan mahaifinsa Iverson, mahaifiyarsa kuma Janie. A lokacin jirgin sama kansa jariri ne, domin shekara uku da 'yan watanni ke nan da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirginsu na farko a watan Disambar 1903.

Yaron ya taso da son jirgi tun yana ƙarami, amma ya taso a ƙasar da ta riga ta yanke hukunci a kan irinsa. A jihohin kudu doka ce ta raba baƙi da fari a makaranta da asibiti da jirgin ƙasa. A arewa, inda yake, al'ada ce ke yin aikin da doka ke yi a kudu.

Wasu daga cikin baƙaƙen fatar da suka riga shi hawa sama sai da suka bar ƙasar tukuna. Eugene Bullard ya tuƙa jirgin yaƙi a 1917, amma a ƙarƙashin tutar Faransa. Bessie Coleman, wadda makarantun Amurka suka ƙi karɓa, ta koyi Faransanci ta tsallaka teku, ta samo lasisinta a Faransa a watan Yunin 1921. Burinta shi ne ta buɗe makarantar koyon tuƙi ga 'yan'uwanta, amma ta mutu a hatsarin jirgi a 1926 kafin ta cika shi.

A 1925 kuma, kwalejin horar da manyan hafsoshin sojan Amurka ta fitar da wani rahoto da ya yi iƙirarin cewa baƙar fata ba shi da basira ko ƙarfin zuciyar riƙe aiki mai sarƙaƙiya a fagen fama. Rahoton ba shi da wata hujja ta kimiyya, amma ya zama madogarar masu tsara manufofin soja na tsawon shekaru.

Cikin wannan yanayi Anderson ya kai shekara 20. A shekarar ce, 1927, Charles Lindbergh ya ƙetare Tekun Atlantika shi kaɗai daga New York zuwa Paris ba tare da ya yada zango ba, matasan Amurka suka yi ta tururuwa zuwa makarantun tuƙi. Anderson ya tara kuɗin karatu kamar kowa, ya bi filayen jiragen da ke yankinsu, bai samu malamin da zai karɓi kuɗinsa ba.

Ya sayi jirgi kafin ya iya tuƙi

Da ya ga haka sai ya fara da abin da ba a hana shi ba. Ya koyi darussan ƙasa da kanikancin jirgi, ya riƙa zama a filayen jirage yana kallon yadda matuƙa ke aiki, yana tsintar abin da ya faɗo daga bakinsu.

Daga bisani ya gane cewa muddin jirgin na wani ne, ba za a bar shi ya taɓa shi ba. Sai ya haɗa ajiyarsa da rancen 'yan'uwa da abokai ya sayi wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu, samfurin Velie Monocoupe. Ya mallaki jirgi, amma bai iya tashi da shi ba.

Ya fara da tuƙa shi a ƙasa, yana kai da komo a kan ciyawar fili, yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan domin ya san halinsa, har ranar da ƙafafun jirgin suka rabu da ƙasa. Masu wannan sana'a sun san cewa tashi ne mai sauƙi. Sauka ita ce gwanintar, domin a nan ne matuƙi zai daidaita gudu da tsayi da iska cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma kuskuren taku kaɗan kan zama ajali. Anderson ya koyi sauka ta hanyar gwaji, ya kuma biya farashi: ya yi hatsari, ya samu tabo a goshi wanda ya zauna masa har ƙarshen rayuwarsa.

Taimakon farko ya zo masa ta wata hanya da bai zata ba. Wani matuƙi farar fata mai suna Russell Thaw yana da lasisi amma ba shi da jirgi, kuma yana so ya riƙa ziyartar mahaifiyarsa a Atlantic City a ƙarshen mako. Suka daidaita cewa Thaw zai riƙa amfani da jirgin, shi kuma Anderson ya zauna a gefensa. Ta haka ya ga yadda ake tafiya daga gari zuwa gari, yadda ake karanta ƙasa daga sama, da yadda gwani ke ajiye jirgi. A watan Agustan 1929 ya samu lasisinsa na farko, wanda ke ba shi damar tuƙi don kansa kawai.

Bajamushen da ya tsaya masa

Lasisin tuƙi don kai ba ya ciyar da iyali. Dokar zirga-zirgar jiragen sama da Amurka ta kafa a 1926 ta kasa matuƙa mataki-mataki, kuma wanda ke neman matakin sufuri sai ya nuna shaidar ya yi sa'a 200 a sama shi kaɗai, ya ci jarrabawar rubutu a kan injin jirgi da yanayi da sanin hanya, sannan ya tashi da jami'in gwamnati domin a gwada hannunsa. Wannan mataki ba a kai masa da kame-kame. Dole sai da malami.

Malamin da ya karɓe shi baƙo ne a ƙasar. Ernst Buehl Bajamushe ne da ya zo Amurka a 1920, lokacin da ake buɗe hanyoyin kai wasiƙu ta jirgin sama, daga baya ya kafa filin jirgi da makaranta a gefen Philadelphia. Buehl ya gyara wa Anderson kurakuran da mai koya wa kansa ba ya rasawa, ya kai shi matsayin da zai iya fuskantar jarrabawa.

Da ranar ta zo, jami'in da aka turo ya nuna ba ya son gwada baƙar fata. Buehl ya kafe a kan cewa ɗalibinsa ya cika duk sharuɗɗan da doka ta gindaya, don haka sai an gwada shi. Aka gwada shi, ya ci.

Wannan al'amari ya nuna wa Anderson abu biyu game da malami: shi ne mai gyara hannun ɗalibi, shi ne kuma mai tsaya masa a gaban hukuma ya ce na yarda da wannan. A shekarar ce kuma, cikin watan Yuni, ya auri Gertrude Nelson, wadda suka haifi 'ya'ya maza biyu tare.

Tafiye-tafiye da likita

Da yake babu kamfanin da zai ɗauke shi, Anderson ya fara koyar da masu sha'awa ɗaya-ɗaya. Daga cikinsu akwai Dokta Albert Forsythe, likita a Atlantic City, haifaffen tsibirin Bahamas wanda ya girma a Jamaika, ya yi karatu a Tuskegee, ya kuma kammala likitanci a Jami'ar McGill ta Kanada. Likitan yana da kuɗi da sanayya, Anderson yana da gwaninta. Suka ƙudura cewa za su yi dogayen tafiye-tafiye da za su sa jaridu su yi magana, yaran baƙaƙen fata kuma su ga irinsu a sama.

A watan Yulin 1933 suka tashi daga Atlantic City da ke gaɓar gabas zuwa Los Angeles da ke gaɓar yamma, suka kuma dawo, a cikin jirgi samfurin Fairchild 24. Ba su da rediyo, ba su da laimar tsira, ba su da fitilar sauka. Da kamfas da taswirar hanyoyin mota suka nemi hanya. Shekara ɗaya kafin nan James Banning da Thomas Allen sun ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas, amma Anderson da Forsythe ne baƙaƙen fata na farko da suka je suka dawo. Kafin ƙarshen shekarar suka kuma tashi zuwa Montreal a Kanada.

A 1934 suka ɗauko wadda ta fi girma. Suka sayi sabon jirgi samfurin Lambert Monocoupe, aka raɗa masa sunan Booker T. Washington, wanda ya kafa makarantar Tuskegee, a wani biki da aka yi a harabar makarantar. Daga Miami suka nufi tsibiran Karibiyan. A Nassau, babban birnin Bahamas, babu filin saukar jirgin da ke da ƙafafun taya, sai jama'a suka jera motoci suka haska musu hanya da fitilu suka sauka. Suka bi ta Kyuba da Jamaika da Haiti da sauran tsibirai, ko'ina taron jama'a na tarbarsu.

Tafiyar ta ƙare a Trinidad, inda jirgin ya yi hatsari yayin tashi ya lalace, amma su biyun suka tsira da rayukansu. Ba su kai ƙarshen zangon da suka tsara ba. Duk da haka sunan Anderson ya shiga kunnen shugabannin Tuskegee, abin da ya yi tasiri shekara shida bayan haka.

Kiran Tuskegee

A ƙarshen shekarun 1930 guguwar yaƙi ta fara kaɗawa a Turai, Amurka kuma ta lura ba ta da isassun matuƙa. A 1939 majalisar dokoki ta amince da shirin horar da fararen hula tuƙin jirgi a jami'o'i da kwalejoji da kuɗin gwamnati. Bayan matsin lamba daga jaridun baƙaƙen fata da ƙungiyoyin kare haƙƙi, aka saka sharaɗin cewa ba za a hana kowa shiga ba saboda launin fatarsa. Wasu makarantun baƙaƙen fata suka samu gurbi, ciki har da Jami'ar Howard a Washington, da Hampton, da Tuskegee a jihar Alabama.

Nan take aka fuskanci matsalar da shekarun wariya suka haifar: ga ɗalibai, ga kuɗi, amma baƙaƙen fatar da ke da takardar koyarwa ba su taka kara sun karya ba. Anderson, wanda ya riga ya koma yankin Washington yana koyarwa, ya fara aiki da shirin Howard. A 1940 Tuskegee, ƙarƙashin shugabanta Frederick Patterson, ta ɗauke shi a matsayin babban malamin tuƙi.

Abin da ya tarar shi ne wani ɗan fili mai ciyawa da ake kira Kennedy, da ƙananan jirage ƙalilan. Shi ya tsara darussa, ya horar da waɗanda za su zama malamai, ya kuma kawo jirgin Waco domin darussan mataki na gaba. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Cif, sunan da ya bi shi har kabari. Cikin waɗanda suka koya a wannan fili akwai Mildred Hemmons Carter, wadda a 1941 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta samu lasisin tuƙi a Alabama.

Ranar da ya ɗauki uwargidan shugaban ƙasa

A farkon rabin 1941, Eleanor Roosevelt, matar Shugaba Franklin Roosevelt, ta je Tuskegee a matsayinta na mamba a kwamitin amintattun gidauniyar Rosenwald. Da aka kai ta filin Kennedy sai ta nemi a zaga da ita sama. Ta shiga wani ƙaramin jirgi samfurin Piper Cub, Anderson ya tashi da ita, ya zagaya da ita a kan gonakin Alabama, ya sauke ta lafiya.

An ɗauki hotonsu a cikin jirgin, jaridu suka yaɗa shi a faɗin ƙasar. Gani ya kori ji. Mutanen da aka shekara ana gaya musu cewa baƙar fata ba zai iya sarrafa jirgi ba sun ga matar shugaban ƙasa ta damƙa ranta a hannun ɗaya daga cikinsu, tana murmushi.

Sau da yawa akan ba da labarin kamar wannan tashi ne ya sa sojoji suka buɗe ƙofa. Tarihi ya nuna cewa tun a watan Janairun 1941 ma'aikatar yaƙi ta sanar da kafa runduna ta 99, ta matuƙa baƙaƙen fata zalla. Amfanin ziyarar na zahiri shi ne kuɗi da kariya ta siyasa: gidauniyar Rosenwald ta bai wa Tuskegee rancen dala 175,000, da shi aka gina filin Moton, inda sojoji suka bai wa makarantar kwangilar horon matakin farko. Anderson ne aka ɗora a kan malaman wannan fili.

Abin da malamin tuƙi ke yi

Horon matuƙin soja a lokacin mataki uku ne. Na farko a filin Moton, a hannun malamai fararen hula, akasari da jirgin Stearman mai fiffike biyu, sama da ƙasa. Na biyu da na uku a sansanin sojan sama na Tuskegee, 'yan kilomitoci daga nan, a hannun hafsoshin soja. Wanda bai tsallake hannun su Anderson ba, ba zai ga sauran ba.

Jirgin koyo yana da sandar tuƙi biyu da ke haɗe, ɗaya ta malami ɗaya ta ɗalibi, duk wadda aka motsa ɗayar ma za ta motsa. Gwanintar malami tana wajen sanin lokacin da zai karɓe tuƙi. In ya yi gaggawa, ɗalibi ba zai taɓa ganin sakamakon kuskurensa ba. In ya yi jinkiri, su biyun ne za su tafi.

Akwai darasin da ya fi kowanne tayar da hankalin sabon ɗalibi. Idan aka ɗaga hancin jirgi fiye da kima, iskar da ke bin saman fiffike takan wargaje, jirgin ya daina ɗaukar kansa ya fara faɗowa. Zuciya za ta ce wa mutum ya ƙara jan sanda domin ya koma sama, alhali maganin shi ne ya tura hancin ƙasa har jirgin ya sake samun gudu. Malami kan jefa ɗalibi cikin wannan hali da gangan, a can sama inda akwai sarari, sau da dama, har hannunsa ya saba yin abin da tsoro ke hana shi.

Sai kuma ranar da malami zai sauka daga jirgi ya bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai. Babu na'urar da ke nuna cewa ranar ta yi. Hukunci ne na malami, kuma shi zai tsaya a bakin fili yana kallo, ba abin da zai iya yi. Anderson, wanda ya yi tashinsa na farko ba tare da kowa ya ce masa ya isa ba, ya shafe shekaru yana yanke wa wasu wannan hukunci.

Nauyin da ke kansa ya fi na sauran malamai. Da yawa daga manyan hafsoshi sun ɗauki shirin Tuskegee a matsayin gwaji da suke sa ran zai rushe. Sassauci zai jawo hatsari, a ce ga abin da ake faɗa. Tsanani fiye da kima kuma zai zubar da matasan da ba su da wata ƙofar. Ajin farko ya fara da mutum 13 a watan Yulin 1941. Biyar ne suka kammala ranar 7 ga watan Maris na 1942: Benjamin Davis ƙarami, da George Roberts, da Lemuel Custis, da Charles DeBow, da Mac Ross.

Ɗalibai a fagen fama

Daga 1941 zuwa 1946, matuƙa 992 ne suka kammala horo a Tuskegee, har da wasu ƙalilan daga Haiti. Kimanin 355 daga cikinsu aka tura fagen yaƙi.

A Afirka suka fara. Runduna ta 99 ta sauka a Maroko a watan Afrilun 1943, ta wuce Tunisiya, ta shiga yaƙi a watan Yuni a hare-haren da aka kai tsibirin Pantelleria. Daga baya aka haɗa ta da rukuni na 332 a Italiya, ƙarƙashin Benjamin Davis, inda aikinsu ya zama rakiyar manyan jiragen jefa bama-bamai zuwa cikin Jamus da ƙasashen da ta mamaye. Jan fentin da suka shafa wa wutsiyar jiragensu ya zama alamarsu. Sun tashi fiye da sau 15,000 kafin yaƙin ya ƙare.

An daɗe ana cewa ba su taɓa rasa jirgi ko ɗaya da suka yi wa rakiya ba. Binciken da masana tarihin rundunar sojan saman Amurka suka yi daga baya ya nuna cewa jiragen abokan gaba sun harbo 27 daga cikin waɗanda suka raka, yayin da matsakaicin asarar sauran rukunonin da ke aiki tare da su ya kai 46. Gaskiyar lissafin ta wadatar ba sai an ƙara mata gishiri ba.

A watan Yulin 1948 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunonin sojan Amurka. Davis ya zama baƙar fata na farko da ya kai muƙamin janar a sojan sama a 1954. Daniel James, wanda shi ma ya koyi tuƙi a Tuskegee har ya koyar a can, ya zama baƙar fata na farko mai anini huɗu a 1975.

Shi kuwa Anderson bai je fagen yaƙi ba, bai sa kaki ba, bai harbo jirgin kowa ba. Yana Alabama yana karɓar sabon aji.

Kujerar da bai zauna ba

Bayan yaƙi kamfanonin jiragen fasinja suka bunƙasa, suka kwashi dubban tsofaffin matuƙan soja. Matuƙan Tuskegee ba sa cikinsu. Perry Young, ɗaya daga malaman filin Moton, sai a 1956 ya samu aiki, shi ma a wani kamfanin jirage masu saukar ungulu a New York. Marlon Green, tsohon matuƙin sojan sama, sai da ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke hukuncin da ya ba shi nasara a 1963, kafin ya fara tuƙi a kamfanin Continental a 1965. David Harris ya shiga American Airlines a 1964.

Lokacin da ƙofar ta buɗe, Anderson ya doshi shekara 60. Mutumin da ya riga kowa samun lasisin ɗaukar fasinja bai taɓa tuƙa jirgin wani babban kamfani ba.

Ya ci gaba da zama a filin Moton yana koyar da baƙi da fari, ɗaliban jami'a da tsofaffin sojoji, yana gyaran jirage yana kuma sayarwa. A 1967 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matuƙa baƙaƙen fata ta Negro Airmen International, wadda ta riƙa shirya wa matasa horon tuƙi a lokacin hutu. Jami'ar Tuskegee ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya ci gaba da koyarwa har ya haura shekara 80.

Jirgi kyauta, matuƙi raino

Darasin rayuwarsa bai tsaya a Amurka ba, domin duk ƙasar da ta shiga harkar jiragen sama ta ci karo da shi. A 1945, bayan ganawarsu a kan wani jirgin ruwan yaƙi a mashigin Suez, Shugaba Roosevelt, mijin matar da Anderson ya ɗauka, ya bai wa Sarki Abdul'aziz na Saudiyya kyautar jirgi samfurin DC-3. Da shi aka aza harsashin kamfanin jiragen saman Saudiyya, kuma yau yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama da ke Riyadh. Jirgin ya iso cikin 'yan watanni, amma sai da kamfanin TWA na Amurka ya shafe shekaru masu yawa yana tafiyar da harkar yana horar da 'yan ƙasa kafin su karɓi ragama.

Haka abin yake a ƙasar Hausa. Jiragen sama sun fara sauka a Kano a watan Nuwambar 1925, lokacin da jiragen sojan Birtaniya uku suka iso daga Masar. Amma sai a 1964 aka kafa kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama a Zariya, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya. Kusan shekara 40 ke nan tsakanin ganin jirgi da mallakar wurin da za a koyi tuƙa shi a gida. A wannan kwaleji Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, ta koyar, ta kuma shugabance ta daga 2011 zuwa 2014.

Matakan da matashi zai taka a yau ba su yi nisa da waɗanda Anderson ya taka ba. Bisa ƙa'idar hukumar ta duniya, lasisin tuƙi don kai yana buƙatar aƙalla sa'a 40 a sama, na kasuwanci sa'a 200, ko 150 ga wanda ya bi tsararren kwas a makarantar da aka amince da ita, na babban matuƙin jirgin fasinja kuma sa'a 1,500. Da yawa daga matasan matuƙa, musamman a Amurka, suna cike tazarar da ke tsakanin 200 da 1,500 ne ta hanyar koyarwa, su bar ta da zarar kamfani ya kira su. Abin da wasu ke ɗauka a matsayin zango, shi Anderson ya mayar gida.

Ya rasu a Tuskegee ranar 13 ga watan Afrilun 1996 yana da shekara 89. A 2007 majalisar dokokin Amurka ta karrama matuƙan Tuskegee da lambar zinare, mafi girman lambar da take bai wa farar hula. A 2013 aka shigar da sunansa zauren gwarazan sufurin sama na ƙasar, a 2014 kuma hukumar gidan waya ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa.

Filin Moton yana nan har yanzu. Wani sashe nasa ya zama wurin tarihi na ƙasa da baƙi ke ziyarta, ɗaya sashen kuma ƙananan jirage na ci gaba da tashi da sauka a kansa.